Daga Karen Mota Zuwa Direba: Yadda Jiki Ke Haddace Tuƙi

Da yawa daga cikin tsofaffin direbobin birnin Katsina, masu bin hanyar Kano da ta Jibiya zuwa Maraɗi, ba su taɓa shiga makarantar koyon tuƙi ba. Makarantarsu ita ce zama karen mota. Yaro yakan fara da wanke mota, da duba ruwan lagireto, da sa weji a bayan taya. Sai ya daɗe yana zama gefen maigidansa, yana sauraren kukan inji, yana lura da lokacin sauya giya, kafin a sakar masa sitiyari a fili.

To, me ya sa wannan horo ya yi tasiri? Maimaita aiki yana ƙarfafa mahaɗar jijiyoyi a ƙaramar ƙwaƙwalwa da ke wajen ƙeya, har ƙafa ta riƙa taka birki ba tare da dogon tunani ba. Wannan kuwa batun rai ne, domin motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 cikin daƙiƙa guda.

Amma Hausawa sun ce sabo turken wawa. A 1972, da Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, tilas gwanaye suka sake horar da jikinsu. Haka kuma jiki yana haddace kuskuren maigida kamar yadda yake haddace gwanintarsa. Saboda haka gogewa ba ta wadatarwa sai an haɗa da sanin dokokin hanya, waɗanda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa take wayar da kan direbobi a kansu tun kafuwarta a 1988.