Kumburin ƙafa ba ƙiba ba ne

Da damina ta kankama a karkarar Matameye, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa kuma sabon hatsi bai nuna ba, akan ga yaro ƙafafunsa sun kumbura, fuskarsa ta cika, har uwa ta ɗauka ƙiba ce. Alhali kuwa sau da yawa alamar tamowa ce mai tsanani, wadda lokotoro Cicely Williams ta bayyana a ƙasar Gana a 1933.

A cikin jinin ɗan Adam akwai wani sinadarin gina jiki mai suna albumin, wanda hanta ke sarrafawa. Shi ke riƙe ruwa cikin jijiyoyi. Ga mai lafiya yakan kai giram 35 zuwa 50 a kowace lita ta jini. Idan ya ragu, sai ruwa ya tsiyaye zuwa cikin tsoka da ciki.

Dalilan raguwarsa uku ne manya. Na farko, ƙarancin abinci mai gina jiki, musamman ga yaron da aka yaye kan kunun gero zalla, ko wanda zawo da ƙyanda suka raunana. Na biyu, ciwon hanta mai daɗewa, wanda ke cika cikin magidanci da ruwa. Na uku, ciwon ƙoda, inda sinadarin ke zuba cikin fitsari har ya yi kumfa.

Gwajin farko ba ya bukatar kuɗi. A danna bayan ƙafafu biyu da babban yatsa na daƙiƙa 3. In gurbin ya tsaya, a garzaya likita. Ga yara akan kuma ga gashi ya yi ja ya kakkarye, fata na saɓulewa, ga ƙin abinci. Tsaga da ƙuna ba sa fitar da wannan ruwa, sai dai su buɗe wa cuta ƙofa.

Tun bayan yunwar 2005 aka yawaita cibiyoyin kula da tamowa a jihar Damagaram, kuma a 2006 gwamnatin Nijar ta ayyana maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta.

Ƙasar Kance ƙasar wake da gyaɗa ce, kuma buhunansu na ƙetara iyaka ta Ɗan Barto zuwa kasuwannin Nijeriya. Ya kamata ɗan kasuwa da ma'aikaci su tuna da gida kafin a ɗaure kaya: tiyar wake, ƙuli-ƙuli, ƙwai da nono su shiga kwanon yaro kullum.