Wa Ya Aiko Da Wannan Lamba? Yadda Sunan Intanet Ke Tsaya Wa Mai Neman Biya Shaida

Jama'a 'yan uwa fatake, kowa ya san irin wahalar da aka sha a farkon 2023, lokacin da aka canza takardun naira, kuɗi suka ɓace daga hannun mutane, sai ka ga mutum ya kai shanu Maigatari ko Illela ya sayar, amma babu abin da zai ƙirga. Yau a tike za ka ga yara suna karɓar kuɗin kirifto ta salula, su mai da shi sefa a wurin 'yan canji.

Shi dai wannan kuɗi, lambar da ake tura shi gare ta jerin haruffa ne da alƙaluma, wata 34, wata 42, ba wanda ke haddace su. Mai sayarwa zai aiko maka da lambar ta WhatsApp, kai kuma ka tura. To, wa ya tabbatar maka shi ne ya aiko? Ana sace layin mutum a yi magana da sunansa. Akwai kuma muguwar manhaja da ke shiga waya, ka kwafi lambar abokin cinikinka, ta musanya ta da ta ɓarawo kafin ka liƙa. Kuma in ya tafi ya tafi, babu manajan bankin da za ka je ka yi wa kuka.

Maganin da masana suka nemo ya yi kama da aikin fatoma. Baƙo ya zo kara ba ka san shi ba, amma ka san maigidan da ya sauke shi, shi ne shaidarka. A intanet akwai wani babban littafin sunaye da ake kira DNS, wanda Paul Mockapetris ya tsara a 1983. Wanda ya yi rajistar suna, misali gidanwane.com, shi ke da ikon rubutu a ƙarƙashinsa. A 2014 mutanen kuɗin Monero suka fito da tsarin OpenAlias, watau mutum ya rubuta lambar asusunsa a ƙarƙashin sunansa. A 2015 manhajar Electrum ta ƙara wani mataki: mai karɓa ya rubuta takardar neman biya, da adadin kuɗin, da inda za a tura, da ranar da takardar za ta daina aiki, sannan ya sa mata hannu da mabuɗinsa na sirri. Manhajar mai biya sai ta leƙa littafin, ta gwada sa hannun da lambar da ke rubuce. In wani ya taɓa ko harafi ɗaya a hanya, ba za su dace ba.

Shi kansa littafin fa, ba a iya yi masa cushe? Ana iyawa, shi ya sa aka yi masa hatimi mai suna DNSSEC. Wanda ya yi karatun Islamiyya zai gane shi da sauri, domin kamar isnadi ne: tushen littafin, wanda aka sa wa hannu a Yulin 2010, yana shaidar .com, shi kuma .com yana shaidar sunanka, sunanka yana shaidar lambarka. In mutum ɗaya ya faɗi a silsilar, maganar ta yi rauni. Ba kowace ƙasa ce ta ɗaura nata sashen a wannan silsila ba, don haka a bincika kafin a sayi suna.

Abin bai tafi sumul ba. Tsohuwar takardar neman biyan ta 2013, mai lamba BIP 70, an cire ta daga babbar manhajar Bitcoin a 2020. A 2024 aka kawo BIP 353, inda ake biyan mutum da suna mai kama da adireshin imel, kuma dole sai da hatimin DNSSEC. Sai dai wannan na Bitcoin ne, alhali abin da yaranmu suka fi juyawa USDT ne, wanda ke bin dalar Amurka, kuma a can har yanzu doguwar lambar ake kwafa.

A ganina ko da tsarin ya yaɗu, abu biyu za su ci mutane. Hatimin yana shaidar cewa lambar ta mai sunan ce, ba ya shaidar cewa mai sunan mutumin kirki ne, ko shanun lafiyayyu ne. Ɗan damfara ma yana iya sayen suna mai kama da naka, ya sauya harafi guda. Na biyu, sunan haya ne, shekara-shekara ake biya. In ka yi sakaci ya faɗi, wani ya saye, to shi ne zai riƙa rubuta lambarsa a ƙarƙashin sunan da abokan cinikinka na Mubi da Ngaundere suka saba da shi.

Wanda zai biya da USDT a yanzu, ya kira mai kayan a tsohuwar lambar wayar da ya sani, ya ji muryarsa, su karanta wa juna haruffan farko da na tsakiya da na ƙarshe. Ya fara tura kamar na jika biyar, in an ce ya iso, sannan ya tura kuɗin garken.