Idon Kyamara da Cinikin Gida da Gona a Ƙasar Funtuwa da Malumfashi

Hausawa sun ce gani ya kori ji. A da, duk wanda zai sayi gona ko gida a kudancin Jihar Katsina sai ya taka da ƙafarsa, ya zaga iyaka tare da dillali da shaidu, sannan a yi maganar kuɗi. Yanzu kuwa sau da yawa hoto ne ke riga mai saye isa wurin. Ɗan kasuwar da ke Kano yana neman sito a Funtuwa ko Dandume don ajiye masara, ko ma'aikacin da ke Abuja yana son fuloti a Malumfashi, abin da zai fara gani shi ne hoton da dillali ya turo masa ta waya. Bisa wannan hoto ne zai yanke shawarar yin tafiya, wani ma har ya ba da kafin alkalami.

Wannan yanki ya daɗe da sanin baƙin masu saye. Layin dogon da ya tashi daga Zariya ya ratsa Funtuwa ya kai Ƙauran Namoda a shekarar 1929, kuma auduga ce ta fara jawo fatake daga nesa. A yau masara da dawa da waken suya da shinkafa sun ƙara wa ƙasar daraja, tun daga Bakori da Danja har zuwa Ƙafur. Saboda haka hoton gida ko na gona ya zama wani ɓangare na ciniki. To, amma kyamarar da ke iya kwaso ɗaki gaba ɗaya cikin hoto guda, ita ce kuma ke iya mai da ɗan ƙaramin ɗaki ya yi kama da fadar sarki. Wanda zai zaɓi kyamara don wannan aiki ya kamata ya san dalilin haka.

Daga Ɗaki Mai Duhu Zuwa Kyamara

Asalin kyamara ɗaki ne mai duhu. Masanin nan Ibn al-Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 kuma ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya yi bayani a littafinsa Kitab al-Manazir cewa haske na tafiya ne a miƙe, kuma daga abubuwa yake fitowa ya shiga ido. Idan aka toshe ɗaki aka bar 'yar ƙaramar kafa, surar abin da ke waje za ta bayyana a jikin bangon ciki, amma a kife. Kyamarar zamani ta maye gurbin kafar da wasu gilasai masu tattara haske, waɗanda za a iya kira idon kyamara. Bangon kuma ta maye gurbinsa da wani ɗan allo mai juya haske zuwa lantarki.

Willard Boyle da George Smith ne suka ƙago irin wannan allo a Amurka a 1969, aikin da ya sa suka sami lambar yabo ta Nobel a 2009. A 1975 wani injiniyan kamfanin Kodak, Steven Sasson, ya haɗa kyamarar dijital ta hannu ta farko, wadda ba ta amfani da fim. Nauyinta ya kai kilo 3.6, hotonta ɗigo 10,000 ne kacal, kuma tana ɗaukar daƙiƙa 23 kafin ta adana hoto ɗaya. Wayar da ke aljihun dillali a yau ta ninka ta ɗigo fiye da sau dubu.

Lambar da ke Jikin Ido

A jikin kowane idon kyamara akwai lamba da aka rubuta da milimita, kamar 50 ko 35 ko 24 ko 16. Wannan lamba tana nuna nisan da ke tsakanin gilashi da wurin da hasken abu mai nisa ke tattaruwa. Ƙa'idar mai sauƙi ce: gwargwadon ƙanƙantar lambar, gwargwadon faɗin abin da kyamara ke gani. Ana auna wannan ne da allo mai faɗin milimita 36 da tsayin 24, girman da ya yaɗu tun fitowar kyamarar Leica a Jamus a 1925. A kan irin wannan allo, ido mai lamba 50 yana ganin kusurwa mai digiri 40 daga hagu zuwa dama, mai 35 yana ganin digiri 54, mai 24 digiri 74, mai 16 kuwa digiri 97.

Ɗalibi ba ya buƙatar lissafin kusurwa kafin ya amfana da wannan. Ya ninka nisan da ya tsaya da 36, sannan ya raba da lambar idon. Amsar ita ce faɗin abin da zai shiga hoton. Alal misali, a ɗauki ɗaki irin wanda magina suka saba yi, mai ƙafa 12 tsawo da 12 faɗi, wato kusan mita 3.6. Idan mai hoto ya jingina da bango ya fuskanci ɗaya bangon, ido mai lamba 50 zai kwaso mita 2.6 ne kawai, bangon ma bai shiga duka ba. Mai lamba 35 zai kwaso mita 3.7, bango ya shiga daidai wa daida. Mai lamba 24 zai kwaso mita 5.4, wato bangon gaba da wani sashe na bangon gefe biyu. Mai lamba 16 kuwa zai kwaso mita 8.1, fiye da ninki biyu na faɗin ɗakin.

Haka lissafin yake a waje. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 fuskarsa kusan mita 15 ce. Don ta shiga hoto da ido mai lamba 50, sai mai hoto ya ja baya mita 21, abin da ba zai yiwu ba a lungunan tsohon gari. Da mai lamba 24, mita 10 ta wadatar.

Sai dai a kula, ba kowace kyamara ce ke da allo mai milimita 36 ba. Yawancin masu sauƙin kuɗi allonsu wajen milimita 23 ne, ana kiransa APS-C. A irin waɗannan sai an ninka lambar ido da 1.5, ko da 1.6 a kyamarorin Canon, kafin a sa ta cikin lissafi. Ido mai lamba 18 da akan sayar tare da su daidai yake da 27 ko 29, mai lamba 16 kuma daidai yake da 24 ko kusa da haka. A wayoyin hannu, babban ido yawanci daidai yake da 24 zuwa 26, wanda aka yi wa alamar 0.5 kuma wajen 13 ne.

Inda Hoto ke Ruɗin Ido

Abu uku ne ke sa hoto mai faɗi ya saɓa wa gaskiya. Na farko shi ne kusanci. Girman abu a hoto yana raguwa daidai da ƙaruwar nisansa. Idan kujera tana mita 1 daga kyamara, wata irinta tana mita 4, ta kusa za ta fito ninki huɗu na ta nesa. Ido mai faɗi yana ba mai hoto damar tsayawa dab da abubuwa, sai na kusa su kumbura, bangon ƙarshe ya ƙanƙance. Ƙwaƙwalwar mai kallo kuwa ta saba fassara ƙanƙanta da nisa, don haka sai ta ɗauka ɗakin dogo ne.

Na biyu shi ne miƙewar abin da ke gefe. Tulu ko randar da ke tsakiyar hoto za ta fito da siffarta, amma idan tana can gefe sai ta miƙe kamar ƙwai. Da ido mai lamba 24, miƙewar a bakin hoto kashi 25 ne cikin 100. Da mai lamba 16 ta kai kashi 50. Wannan ba aibin gilashi ba ne, sakamako ne na shimfiɗa kusurwa mai faɗi a kan allo shafaffe, kamar yadda taswirar duniya ke kumbura ƙasashen da ke can arewa.

Na uku shi ne lanƙwasa, wadda aibin gilashi ce. A wasu idanu layin da ke miƙe yakan bankaro waje kamar cikin ganga, a wasu kuma ya lotsa ciki kamar ƙugun kalangu. Masu faɗin gani sun fi yin irin ta ganga. Akwai ma wani nau'i da ake kira idon kifi, mai ganin digiri 180, wanda ke tanƙwara kowane bango. Wannan ba shi da amfani a cinikin gida, domin mai saye ba zai iya bambance bangon da magini ya karkata da wanda gilashi ya karkata ba.

Abin Dubawa Kafin Saye

Daga wannan bayani, lambar da ta fi dacewa da ɗakunan kwana, zaure da shago ita ce daidai da 24, ko tsakanin 20 da 28. Tana kwaso ɗaki ba tare da ta kumbura shi ainun ba. Mai lamba 16 a ajiye shi don wuri mai matsi kamar makewayi ko ɗakin girki, ko kuma cikin babban sito inda ake son nuna rufi da ginshiƙai tare.

Mai saye ya gwada kyamara tun a shago. Ya ɗauki hoton ƙofa ko bangon bulo yadda layi zai bi gefen hoton, ya duba ko ya lanƙwashe. Yawancin kyamarorin zamani da wayoyi suna gyara wannan da kansu, amma gwaji ne zai tabbatar.

Kada yawan ɗigo ya ruɗe shi. Hoton da zai cika takarda mai girman A4 da kyau ɗigo miliyan 9 ya ishe shi, don haka kyamara mai miliyan 12 ta wadatar. Bugu da ƙari, manhajar WhatsApp takan rage girman hoto kafin ta aika, sai dai in an tura shi a matsayin fayil.

Girman allo ya fi yawan ɗigo muhimmanci. Ɗakunan wannan yanki galibi tagoginsu ƙanana ne, rana kuwa a waje tana da ƙarfi. Ƙaramin allo kan bar ɗaki baƙi ƙirin ko taga fari fat. Babban allo yana tattara haske mai yawa, yana nuna tsagewar bango da tabon yoyo a silin. Mariƙin kyamara mai ƙafa uku ma yana taimakawa, domin yana ba da damar buɗe ido na tsawon lokaci ba tare da hannu ya girgiza ba.

Yanayin ƙasa shi ma abin lura ne. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu na shiga ko'ina. Duk lokacin da aka cire ido don sauya wani, ƙura na iya sauka a kan allo ta bar ɗigo a kowane hoto. Ido guda mai zuƙowa, wanda ya haɗa daga 16 zuwa 35, yana rage wannan matsala. Haka kuma batir na biyu wajibi ne ga mai shiga ƙauyuka inda babu tabbacin wuta.

Yadda Ake Ɗaukar Hoton Gaskiya

A riƙe kyamara a daidai ƙirji, wajen mita 1.2 zuwa 1.5 daga ƙasa, kuma a miƙe sak. Idan aka ɗaga bakinta sama, bangaye za su taru a sama kamar gini zai faɗi baya. Yawancin kyamarori da wayoyi suna nuna layin daidaito a fuskarsu, mai aiki irin na ma'aunin ruwa na magina. A bar wani abu da kowa ya san girmansa cikin hoton, kamar ƙofa, buhun masara ko tef a shimfiɗe, kuma a rubuta ainihin tsawo da faɗin ɗaki tare da hoton.

A gona, ido mai faɗi kan cika rabin hoto da sararin sama, ya mai da bishiyar kan iyaka kamar tsinke. Ya fi kyau a ɗauki hoto daga kowace kusurwa ta gonar, a nuna turke ko itacen da ke alamta iyaka. Hoton rani ba ya nuna inda ruwa ke kwanciya, na damina kuma shuka kan rufe kwazazzabo da zaizayar ƙasa, don haka mai saye na da haƙƙin neman duka biyun.

Kowane hoto yana ɗauke da ɓoyayyen bayani na rana da lokaci da lambar idon da aka yi amfani da shi, a waya kuma har da wurin da aka ɗauka idan an kunna GPS. Wannan na iya zama hujja, amma kuskuren GPS na waya kan kai mita 5 ko fiye, kusan sulusin fuskar fuloti. Ba zai maye gurbin awon safiyo ba. Haka nan hoto ba ya nuna mai haƙƙi. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birane ga gwamna, na karkara kuma ƙaramar hukuma ke ba da izninsu, saboda haka takarda da shaidar mai unguwa ko dagaci suna nan a matsayinsu. Sannan ba a ɗaukar hoton cikin gida sai da sallama da iznin mai gida, kuma saboda tsaro a cire bayanin wuri daga hoton da za a baza wa jama'a.

Gwaji Don Aji

Malami na iya sa ɗalibai su tabbatar da ƙa'idar da kansu. A tsaya mita 3 daga allon aji, a ɗauki hoto da waya a kwance, a sa alama da alli a inda hoton ya tsaya hagu da dama, a auna tsakani. A ninka 3 da 36 a raba da faɗin da aka samu, amsar za ta fito kusa da lambar idon wayar. A maimaita da ido mai alamar 0.5, a sa ɗalibi ɗaya a tsakiya wani a gefe, kowa riƙe da ƙwallo, a kwatanta siffar ƙwallayen biyu. Ɗalibin da ya yi wannan gwaji zai gane cewa ko da yake an ce ido ba mudu ba ya san kima, idon kyamara sai an san lambarsa kafin a yarda da kimarsa. Idan aka turo wa mahaifinsa hoton gida ko gona, zai tambayi lambar idon da aka ɗauka da shi da kuma awon tef, don kada a yi cinikin biri a sama.