Ghana: Minti 30 ɗin da doka ta ba ma'aikaci

Daga shagunan Nima zuwa masana'antun Tema, ma'aikata da dama a tsaye suke haɗiye abinci, kar maigida ya ce an ci masa lokaci. Alhali dokar ƙwadago ta 2003, mai lamba 651, ta wajabta hutun aƙalla minti 30 idan aikin a miƙe yake, kuma cikin awannin aiki ake ƙirga shi. In kashi biyu ne, sai awa guda a tsakani. Daga tashi zuwa komawa, awa 12. A mako, awa 48 a jere.

Sai dai sashe na 44 ya ware 'yan aikin gida da masu jinga. Ga sauran kuwa, wanda aka danne, Hukumar Ƙwadago ta Ƙasa na karɓar ƙara.