Mece ce inshorar haɗaka, kuma me ya sa ƙananan 'yan kasuwa a Doha ke buƙatarta?

Da safiyar ranar 27 ga watan Fabrairun 2014, tukunyar gas ta fashe a wani gidan cin abinci na Turkawa da ke kusa da babban kantin Landmark a birnin Doha na ƙasar Katar. Mutum 11 ne suka rasu, fiye da 30 suka jikkata, sannan shaguna da motocin da ke kewaye suka lalace.

Gidan abincin ba wani katafaren kamfani ba ne, amma ɓarnar da ta taso daga cikinsa ta zarce darajar tukwane da kujerunsa nesa ba kusa ba. Da dama daga cikin waɗanda abin ya rutsa da su ba ma a cikinsa suke ba.

Idan aka yi maganar asara, hankalin ƙaramin ɗan kasuwa kan tafi ne ga hajarsa. Sai dai asarar da ta fi durƙusar da mutum ita ce haƙƙin wasu da ke hawa kansa: ran ma'aikaci, lafiyar mai saye, ko shagon makwabci. Inshorar haɗaka an tsara ta ne domin ta rufe ɓangarorin biyu a takarda guda.

Me ke cikin wannan inshora?

Maimakon mai shago ya sayi inshorar gobara daban, ta sata daban, ta haƙƙin jama'a daban, sai kamfani ya dunƙule su wuri ɗaya, a biya kuɗi ɗaya a shekara. Akan tanade ta ne domin shaguna da ofisoshi da gidajen abinci da shagunan aski da ƙananan ɗakunan shan magani.

Ɓangare na farko shi ne dukiya: haja da injuna da kwamfutoci da kantoci da gyaran da aka yi wa shago. Yakan shafi gobara da fashewa da fashewar bututun ruwa da fasa shago.

A nan akwai kuskuren da masu haya ke yawan yi. Suna ɗauka cewa inshorar mai gini ta rufe su, alhali ita bango da rufi ta sani, ba ruwanta da kayan da ke ciki.

Ɓangare na biyu shi ne alhakin wasu. Idan mai saye ya zame a daɓen shago ya karye, ko abinci ya kwantar da mutane a asibiti, ko wuta ta tsallaka zuwa makwabta, kamfanin inshora ne zai biya diyya da kuɗin lauya, har zuwa iyakar da aka rubuta a yarjejeniya.

Akan kuma ƙara abin da ya shafi ma'aikata. Dokar ƙwadago ta Katar mai lamba 14 ta shekarar 2004 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki nauyin jinyar ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki, da biyan diyya idan ya nakasa ko ya rasu.

Me ya sa alhakin wasu ya fi nauyi?

Asarar haja tana da iyaka, domin mutum ba zai rasa fiye da abin da ya mallaka ba. Haƙƙin wasu kuwa bai san girman jari ba.

Dokar Katar ta ƙayyade diyyar kisan kuskure a kan riyal 200,000 ga kowane rai, wato kimanin dala 55,000. Rayuka biyar kaɗai sun kai riyal miliyan ɗaya, ba a ma zo kan jinyar masu rauni da gyaran dukiyar makwabta ba. Ƙananan shaguna kaɗan ne za su biya irin wannan kuɗi su sake buɗe ƙofa.

Idan shago bai ƙone ba amma an rufe shi fa?

A ranar 28 ga watan Mayun 2012, gobara ta tashi a rukunin shaguna na Villaggio da ke Doha sakamakon matsalar wutar lantarki a wani shagon kayan wasanni. Mutum 19 suka mutu, 13 daga cikinsu yara ne da ke wani wurin renon yara a cikin ginin.

Ba a sake buɗe wurin ba sai a watan Satumba. Ke nan hatta shagunan da wuta ba ta taɓa su ba sun yi watanni babu ciniki.

Domin irin wannan ne ake saka sashen tsayawar kasuwanci, wanda ke biyan ribar da aka rasa da kuɗaɗen da ba sa tsayawa, kamar haya da albashi. Amma a yawancin yarjejeniyoyi, sashen yana aiki ne kawai idan dukiyar mai inshorar ce ta lalace. Wanda ke son a biya shi idan ɓarnar makwabci ta toshe masa hanya, sai ya nemi a rubuta hakan ɓaro-ɓaro.

Waɗanne sharuɗɗa ne ke hana biya?

Na farko shi ne rage darajar kaya domin kuɗin inshora ya yi sauƙi. Alal misali, idan hajar mutum ta kai riyal 400,000 amma ya rubuta 200,000, sai gobara ta ci kayan 100,000, kamfani kan biya 50,000 ne kawai, tun da rabin dukiyar aka yi wa inshora.

Na biyu shi ne kason da mai shago ke ɗauka da kansa a kowace asara kafin kamfani ya sa hannu. Idan kason ya yi yawa, kuɗin shekara na raguwa, amma ƙananan asarori duk a kansa suke.

Na uku shi ne abubuwan da aka cire. Yaƙi da ganganci da lalacewar tsufa ba sa ciki. Ambaliya ma sai an duba, ko da a ƙasar hamada ce: a watan Oktoban 2018 an yi wa Doha ruwan kusan shekara guda a yini ɗaya, har ya mamaye tituna ya shiga gine-gine.

Na huɗu shi ne matakan kariya. Idan yarjejeniya ta ce a ajiye na'urar kashe gobara mai aiki, aka kuma tarar ba a kula da ita ba, kamfani na iya ƙin biya.

Akwai wadda ta dace da Musulunci?

Malamai da dama na ƙyamar inshorar da aka saba da ita saboda riba da rashin tabbas da ke cikinta. Mafitar da aka samar ita ce takaful, wadda kamfaninta na farko ya fara aiki a Sudan a 1979.

A wannan tsari, mahalarta na zuba kuɗi a asusu ɗaya a matsayin gudunmawa, a biya wanda ibtila'i ya sama daga ciki, kamfani kuma ya karɓi ladan kula da asusun. Malamai kan kwatanta shi da tsarin da dangi ke haɗuwa su biya diyyar kisan kuskure a madadin ɗan'uwansu.

A Doha ana samun nau'ikan biyu. Akwai Qatar Insurance Company da aka kafa a 1964, akwai kuma kamfanonin takaful irin su Beema da aka kafa a 2009. Dokar da aka yi a 2012 ta miƙa wa Babban Bankin Katar alhakin sa ido a kan harkar inshora.

Wane darasi ke nan ga 'yan kasuwar gida?

Kasuwannin arewacin Najeriya sun san zafin gobara. A watan Maris na 2016 wuta ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari da ke Kano, kuma a irin waɗannan kasuwanni rumfa na jingine da rumfa, ta yadda tartsatsi ɗaya kan shafi layi guda.

Hukumar NAICOM mai kula da inshora a Najeriya ta fitar da ƙa'idojin takaful tun 2013, kuma yanzu akwai kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful. Duk da haka, yawancin masu shaguna taimakon 'yan'uwa da na gwamnati suke jira bayan ɓarna ta auku.

Ko a Doha ne ko a Kano, tambayoyin da ya kamata mai shago ya yi kafin ya sa hannu ɗaya ne: nawa ne ainihin darajar kayana, nawa za a biya idan an cutu ta dalilina, kuma me aka cire? Bahaushe ya ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.