Baƙo Da Harshen Masu Gida: Labarin 'Yan Mishan A Ƙasar Hausa

Hausawa sun ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma nemi taka ka ɗaura. Duk wanda ya bar ƙasarsa don ya isar da saƙo ga waɗansu mutane, ko malami ne ko mai wa'azi, wannan magana ta shafe shi. Mun ga ya kamata mu duba yadda 'yan mishan na addinin Kirista suka yi da ita a ƙasar Hausa, domin a cikin labarinsu akwai abin koyi, akwai kuma abin gudu.

Na farkonsu wajen koyon Hausa shi ne wani Bajamushe mai suna Schön, na ƙungiyar C.M.S. ta Ingila. Ya biyo jiragen da suka hau Kwara cikin 1841, tare da Samuel Ajayi Crowther, amma bai taɓa zama a ƙasar Hausa ba. Malamansa su ne bayin da aka 'yanta a Saliyo, sa'an nan wani saurayi mai suna Dorugu, wanda matafiyin nan Barth ya tafi da shi Ingila cikin 1855. Schön ya zaunar da yaron nan, yana faɗa shi kuwa yana rubutawa. Da haka ya buga littafin nahawu cikin 1862, da ƙamus cikin 1876, da Magana Hausa cikin 1885. Watau dattijo mai ilmi ya mai da kansa almajirin yaro, ya kuwa sami riba.

To, amma sanin kalmomi dabam, sanin mutane dabam. Cikin 1900 Bishop Tugwell ya ja Turawa huɗu zuwa Kano, har da wani likita mai suna Walter Miller, wanda ya fara koyon Hausa a Tarabulus wurin fatake da mahajjata. Suka doshi birnin ba da yardar Sarkin Kano Alu ba. A lokacin nan Turawa ba su ci Kano ba tukuna, baƙo kuwa ba ya shiga garin sarki sai da izni, balle wanda ya zo da niyyar kafa makaranta a birnin da ya daɗe da malamansa. Sarki ya umarce su su fita. Suka koma Girku, inda ɗayansu ya rasu. Suna jin Hausa gwargwado, amma ladabin fada ya ɓace musu.

Likita Miller bai karaya ba. Cikin 1905 ya zauna a birnin Zariya, ya buɗe ɗakin magani da makaranta, ya yi ta koyon Hausa har ya ƙware ƙwarai. Babban aikinsa shi ne fassarar Littafi Mai Tsarki, wanda aka buga cikakke cikin 1932, da taimakon 'yan mishan na waɗansu ƙungiyoyi da kuma Hausawan da suka zauna da su suna gyara musu magana. A nan ne fahimta ta nuna amfaninta. Masu fassara sun tarar Hausa ta riga ta cika da kalmomin addini da Musulunci ya kawo, irin su Allah, da annabi, da mala'ika, da zunubi, da Zabura. Ba su ƙirƙiro baƙin kalmomi ba, suka ɗauki waɗanda kunnen jama'a ya saba da su. Amma a wurin suna ɗaya suka zaɓi Yesu maimakon Isa, har yau kuwa masu fassara ba su daina muhawara a kan wannan ba.

Wani abin mamaki ya biyo baya. Hausawan birni kaɗan ne suka karɓi addinin, amma littafin ya sami gida a wurin kabilun Filato da kudancin Zazzau da Adamawa, waɗanda Hausa ba harshen iyayensu ba ce. Da ita su ke sujada a majami'u da yawa har yanzu, ta kuma haɗa mutanen da dā ba sa jin maganar juna.

Ba mu kuwa ɓoye inda aka yi tuntuɓe ba. Likita Miller mutum ne mai zafin harshe a kan sarakuna, ya daɗe ba sa ga maciji da Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi. 'Yar'uwarsa Ethel kuma ta buga wata ƙasida da ta taɓa mutuncin addinin Musulunci, abin ya ɓata wa jama'a rai ƙwarai, har Gwamnati ta shiga maganar. Magana zarar bunu ce. Aikin shekaru na jinya da koyarwa, 'yan shafuka kaɗan suka rage masa daraja. Cikin 1929 mishan ta tashi daga cikin birni ta koma Wusasa.

A Wusasa an gina majami'a da ƙasa, bisa fasalin ginin Hausa, ba a kwaikwayi na Ingila ba. Makarantar wurin kuwa ta fid da mutanen da Arewa duka ta amfana da su, kamar Likita R. A. B. Dikko, likitan farko daga Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, da Janar Yakubu Gowon, da John Tafida wanda suka rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East.

Akwai kuma mutum biyu da suka zo da aikin mishan, daga baya suka koma aikin ilmi na Gwamnati. Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar Nasarawa cikin 1909, inda Dorugu ma ya koyar da tsufansa. G. P. Bargery ya yi shekaru yana yawo gari gari, yana tambayar maƙera da masaƙa da mahauta sunan kowane abu na sana'arsu, har ya buga ƙamus mai shafi fiye da 1,000 cikin 1934. Musulmi da Kirista duk suna buɗe shi har yau.

In mun auna, sai mu ga abin da ya ɗore daga aikin mutanen nan shi ne wanda suka yi sa'ad da suka zauna suka saurara. Abin da suka yi da gaggawa ko da raini, shi ya bar tabo. Saboda haka muna jan hankalin duk wanda aka tura aiki cikin mutanen da ba nasa ba, mai bishara ne ko malamin makaranta: ya fara gai da manyan gari, ya koyi gaisuwarsu da abin da su ke ƙyama, ya kuma tsare harshensa daga abin da su ke girmamawa. Ba a ce ya bar abin da ya gaskata ba, sai dai ya san cewa masu gida ma suna da nasu. Allah ya ba mu zama lafiya da juna, amin.