YADDA AKA TA DA GARIN TEMA, AKA GINA SABO A BAKIN TEKU

Ba abin da ya kai ta da gari wuya cikin ayyukan hukuma. Gina gida aikin magina ne, amma raba mutum da kufan ubansa sai an haɗa da haƙuri da sanin halin jama'a. Domin haka muka ga ya kamata mu kawo wa masu karatu, musamman malaman makaranta da akawuna, labarin Tema ta ƙasar Ghana, inda aka kawar da ƙauyen masunta, aka zana sabon birni a takarda tun ba a aza tubali ko ɗaya ba.

Dalilin Aikin

Tema tana bakin teku, kamar mil 16 gabas da Ankara, babban birnin ƙasar. A zamanin da a ke kiran ƙasar Gwalkwas, tashar manyan jiragen ruwa ɗaya ce tak, watau ta Takoradi, wadda aka buɗe a 1928, tana can yamma da nisa. A Ankara kuwa jirgi ba ya iya matsowa gaci. Sai ya tsaya can cikin ruwa, a riƙa jidar kaya da kwale-kwale, majiya ƙarfi suna tuƙi cikin raƙuman ruwa, wani kaya ya iso lafiya, wani ya jiƙe, wani ya nutse.

Da Gwamnati ta ƙudura niyyar datse Kogin Volta don samun wutar lantarkin narkar da sanholo, sai ya zama tilas a sami sabuwar tasha. Masana suka zaɓi Tema, domin ga zurfin ruwa kusa da gaci, ga kuma dutsen gina ganuwar tare igiyar ruwa a tsaunukan Shai. A 1952 Gwamnati ta karɓi filin, ta kafa hukumar raya Tema. Aka soma ginin tasha a 1954, Dokta Kwame Nkrumah ya buɗe ta a 1962.

Mutanen Tsohon Gari

To, amma wurin ba kango ba ne. Akwai ƙauyen kabilar Ga, mai mutum wajen 4,000 a lokacin. Maza su tafi su a teku, mata su yi banda su kai kasuwa. Ƙauyen yana tsakanin tafkuna biyu masu haɗe da teku, Sakumo daga yamma, Chemu daga gabas, kuma bisa ga addininsu na gargajiya kowane tafki yana da abin bautarsa da mai kula da tsafinsa.

Aka ce musu su tashi su koma gabas, ƙetaren Chemu, inda za a gina musu sabon gari kyauta, wanda a bakinsu a ke kira Manhean. Suka ce ba su san wannan ba. Ba kuwa taurin kai ne kawai ya sa su ba. Yaya za su bar kaburburan iyayensu da ɗakunan tsafinsu? Ina darajar sarkinsu in ya zauna a ƙasar da aka yanka masa, ga baƙi sun mallaki sunan garinsa? Wa ya tabbatar musu sabon gacin zai yi daɗin jawo kwale-kwale kamar wanda suka saba da shi?

Sa'an nan ga maganar gidajen kansu. Waɗansu Turawan Ingila biyu, Maxwell Fry da matarsa Jane Drew, gwanaye ne wajen zanen gini a ƙasashe masu zafi, su aka ba aikin. Amma a al'adar Ga, miji da mata ba lalle su zauna gida ɗaya ba. Maza 'yan uba ɗaya suna da gidansu, mata suna nasu tare da uwayensu, daga can a ke aiko da abinci. Gidajen gwaji na farko ba su gamshi mutanen ba, sai da aka sake zane, aka jera ɗakuna kewaye da tsakar gida, yadda dangi za su zauna tare.

Shekara bakwai a na wannan ja-in-ja. A 1959 aka soma ƙaura, waɗansu da lallashi, waɗansu sai da suka ga ƙarfin hukuma, daga baya aka rushe tsohon garin. Abin lura a nan shi ne, cikin shekarun gardama jama'a ta ƙaru ƙwarai, saboda haihuwa da baƙi masu neman aikin tasha. Ke nan lissafin ɗakunan da aka yi da fari ya tsufa tun ba a shiga ba, aka tare cikin ƙunci.

Birnin Da Aka Zana

A bayan tasha kuma aka shata babban birni domin ma'aikata. Wani Bature mai suna Alcock ya fara tsara shi, sa'an nan wajen 1961 Nkrumah ya ɗanka aikin ga Doxiadis, mutumin Girka. Aka raba birnin unguwa unguwa, ba a sa musu suna ba sai lamba, ta ɗaya, ta biyu, da sauransu. Nufin mai zanen shi ne kowace unguwa ta tsaya da ƙafarta: makaranta inda yaro zai kai da ƙafa, kasuwa kusa da uwar gida, manyan titunan mota suna kewaye ta waje, ƙananan hanyoyin masu tafiya ƙasa suna ratsa ciki. Masana'antu aka ware musu nasu gefe. Matatar mai ta fara aiki a 1963, babbar hanyar mota mai mil 12 zuwa Ankara a 1965, ma'aikatar sanholo ta Valco a 1967, da wutar Akosombo.

Wanda ya sami gida a nan ya sami abin da ba kowa ke da shi ba a lokacin: famfo, da lantarki, da magudanar ƙazanta a ƙarƙashin ƙasa, ga iskar teku da maraice. Sai dai an zana gidajen ne domin miji da mata da 'ya'yansu kaɗai, an kuma jera su bisa ga albashi, manya gefe guda, ƙanana gefe guda. Mutumin Afirka kuwa ba ya rasa ƙane ko ɗan 'yar uwa da zai sauka a wurinsa. Sannu a hankali masu gida suka ƙara ɗaki a baya, suka buɗe kanti a gaba, har siffar farko ta sake.

Waɗanda Aka Manta

Babban gibin tsarin shi ne leburori. Wanda ya fasa dutse ya gina tasha ba shi da albashin da zai kama haya a birnin da ya gina. Sai irin waɗannan suka nufi arewa da birnin, ƙetaren babbar hanya, suka kafa bukkoki a wani ƙauye, Ashaiman. Mutanen arewacin Ghana, da Hausawa, da Zabarmawa, da Mosawa duk suka taru, zango ya kafu, Hausa ta zama ɗaya daga cikin harsunan kasuwa. Garin da ba wanda ya zana shi ya yi ta bunƙasa ba titi ba magudana, har ya sami majalisar kansa a 2008, ƙidayar 2021 kuma ta sami mutum fiye da 200,000 a cikinsa.

Tashar kuwa ta cika burin masu ita, domin ita ce babba a Ghana, har fataken Nijar da Burkina Faso da Mali suna sauke kaya a nan. Manhean tana nan, masunta suna sana'arsu, amma cunkoso ya yi mata yawa, tafkin Chemu kuma dattin masana'antu ya ɓata shi.

Abin Koyi

Mu ma mun ga irin wannan a gida, sa'ad da ruwan Kainji ya ci tsohuwar Bussa a 1968. Saboda haka duk akawun da aka ba aikin ƙidayar gidajen da za a tasa, ya sani takardarsa ce za ta zama ɗaki ko rashinsa. Ya ƙirga mutane, ya tambayi yadda su ke kwana da yadda su ke ci, in aikin ya jinkirta ya sake ƙirgawa. A shawarci dattawa da mata tun kafin a ja layi, ba bayan an gama gini ba. A kuma yanka wa lebura fili tun ranar da aka yanka wa manaja. Malamai kuwa, in an zo darasin labarin ƙasa, su nuna wa yara Tema a taswira, inda layin Girinwic ya ratsa, su kuma gaya musu su wane ne suka tashi kafin jirgin farko ya shigo. Allah ya ba shugabanni ikon riƙon talakawa da adalci, amin.